Kajina Sun Shanye Ƙanƙarar Bikin 'Yata

Madam Hazel, don Allah ki agaza min, yau mai wa'azi ce take neman wa'azi.

A kan abu biyu na raini 'ya'yana uku: tsabta da gaskiya. Babbar 'yata Noreen kuwa, tun tana ƙarama nake fama da ita ta goge ƙurar ɗakinta, sai ga shi ta girma ƙura ce sana'arta. Ita da abokan aikinta sukan je Greenland su haƙa ƙanƙara da dogon bututu, su zaro ta kamar gungumen icce, su yanka su duba. Wai yawan ƙura yana nuna shekarun sanyi da fari, ɓurɓushin gansakuka kuma yana nuna ruwan da iska ta bi ta kansa. Ni dai na ce mata datti datti ne, ko ya shekara dubu goma.

Bara ta tura wani ƙunshin leda can ƙasan firizata, ba rubutu ba bayani. Makon jiya muka tsinko 'ya'yan itacen blueberry bokiti huɗu, wuri ya yi kaɗan a firizar. Na kwance ledar, na ga dunƙulen ƙanƙara da layin toka-toka a tsakiya. Na ce wannan ƙazantar ba a gidana ba, na jefa a kwanon ruwan kaji. Har na ji tana ƙas-ƙas tana narkewa, ban kula ba.

Shekaranjiya Noreen ta bugo waya. Ashe guntun da ya ragu ne a wajen yanka, shugabansu ya bar mata, domin ranar da aka zaro shi ne Wendell, mai gyara musu inji, ya nemi aurenta. Wai ranar biki za su jefa shi a kofin lemo, su ji iskar da ta shekara dubu goma a kulle tana fita. Ta tambaye ni ko yana nan. Madam, ni da bakina na ce yana nan lafiya lau.

Yanzu na daskarar da wani, na barbaɗa masa tokar murhu a tsakiya, kuma wallahi ya yi kama. Maigidana Orrin sai dariya, ya sa min suna Farfesa, wai tunda sun sha ruwa mai shekara dubu goma, kajinmu sun girmi cocin garin nan. Biki saura kwana goma sha biyu. In saka nawa in yi shiru, ko in ɓata wa yarinya rai?

Uwa Mai Kunya, daga Maine

'Yar'uwa, sai da na yi dariya na share hawaye kafin na ɗauki biro.

Laifin farko ba naki ba ne ke kaɗai. Wadda ke liƙa wa kowane guntun ƙanƙara lamba a wurin aiki bai kamata ta ajiye na bikinta babu ko harafi a jikinsa ba. Ki faɗa mata haka, amma sau ɗaya ya isa.

Ƙaryar kuwa taki ce. Kuma ki dubi wadda kike shirin yaudara: mace ce da ke kallon ƙura ta faɗi inda iska ta kwaso ta. Tokar murhunki ba za ta ɗauke ta minti biyu ba. Ƙanƙarar famfo kuma ba ta ƙas-ƙas. Kina so ta gano a gaban baƙi, ango na riƙe da kofi?

Ki kira ta yau, ki fara da ƙaryar kafin kajin. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi kuka. Amma kwana goma sha biyu sun isa fushi ya huce, kuma mai yiwuwa wani abokin aikinsu yana da guntu a ajiye. Ko babu, Wendell za ta aura, ba ƙanƙara ba.

Naki na toka ki ba kajin, ai sun saba. Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ba su zaman da ya fi ƙanƙarar daɗewa.

Hazel