An Baje Sirrin Talatu, Shinkafarta Ta Daina Shiga Kasuwa

Zuwa ga Shugaban Sashen Kiwon Lafiyar Al'umma na jami'ar ƙasar waje inda 'yata Rukayya take karatu.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, kai da malaman da ke ƙarƙashinka. Da Hausa na rubuto, a inda mutanenmu za su gani. Kun sami wanda ya fassara muku muryoyin matan ƙauyenmu, don haka ba za ku rasa mai fassara wannan ba.

Ke uwa mai karanta wannan, da kai uba, ku ji da kyau. In ɗanku mai karatu a waje ya ce a tara masa maƙwabta zai yi musu tambayoyi, kada ku shimfiɗa tabarma sai kun san inda maganar za ta kwana.

Ni matar manomi ce a wani ƙauye da ke bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Iyakacina sakandare, amma ni na tsaya kai da fata Rukayya ta tafi. Ga kukana.

Na ɗaya. Da ta zo hutu bara, ta ce malaminta ya ba ta bincike a kan tsargiya a tsakanin mata masu turara shinkafa, domin kullum ƙafarsu tana cikin kanal wajen ɗibar ruwa da wanki. Na aika aka kira su, suka cika ɗakina, ta kunna waya tana ɗauka. Abin da aka gaya musu shi ne malamai za su saurara don a san maganin da za a kawo. Suka saki jiki. Maƙwabciyata Talatu, wadda mijinta ya rasu, take riƙe da marayu da wannan sana'a, ta faɗi abin da ko 'yar uwarta ba ta sani ba: tun damina take ganin jini a fitsarinta, kunya ta hana ta zuwa asibiti.

Na biyu. Bayan babbar salla sai ga bidiyo a shafin sashenku na intanet. Ga fuskar Talatu, ga sunanta, ga tukunyarta tana tururi, ga sunan ƙauyenmu. Samari suka gani suka yi ta tura wa juna har ya kai ga dillalan shinkafa a kasuwa. Ni na san tsargiya ba a ɗaukarta a abinci, sai an shiga ruwan da ke da dodon koɗi. Kun faɗi haka a bidiyon, amma da Turanci. Abin da dillalai suka ji da Hausa kalma biyu ce, jini da shinkafa. Buhunta ya je kasuwa ya dawo. Manoman da suka saba kai mata shinkafa ta turara musu sun sauya gida, a shekarar da aka sami amfanin gona mai yawa kowace tukunya ba ta huce ba sai tata.

Na uku. Da Rukayya ta kai ƙorafi, aka ce mata ai matan sun amince, har an ɗauki muryarsu suna cewa sun yarda. Ranka ya daɗe, a nan ne kuka jahilci mutanen da kuke nazari. Macen da ke zaune a ɗakin maƙwabciyarta, yarinyar da ta goya a bayanta ta roƙe ta abu a gaban uwarta, ba za ta ce a'a ba ko da ranta ba ya so. Kara ce ta yi mini. Ni ta ba amana, ba ku ba, kuma ba ta san fuskarta za ta zaga duniya ba. Maganin da aka ambata kuwa ko ƙwaya ɗaya ba mu gani ba.

Na huɗu. 'Yata tana bugo waya tana kuka, tana cewa za ta ajiye karatun ta dawo. Na ce ba ta isa ba, dawowarta ba za ta sayar da ko mudu ɗaya ba. Na kuma yi mata faɗan da ya dace, domin ita 'yar gida ce, ta san abin da ku ba ku sani ba. Ilmin lafiyar da ba ya koya wa yaro rufa asirin mara lafiya, ban san wa zai warkar ba. Talatu ta daina shigowa gidana. A wajen suna ta gaishe ni a tsaye, kamar baƙuwa, ta wuce. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku sauke bidiyon nan. Ku sa likita ya yi bayani da Hausa, da muryar da za a tura ta waya a ji a kasuwa, cewa shinkafarta lafiya lau take. Ku ba Talatu haƙuri da sunanta, kamar yadda kuka baje ta da sunanta. Ku nemi hanyar da za a gwada matan nan a ba su magani. Kada kuma ku huce a kan makin Rukayya saboda uwarta ta yi magana, ba ita ta sa ni ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya rufa maka asiri kai da iyalinka, ya sa ɗalibanka su zama masu amfani inda suka fito.

Ni dai a gidana na kafa doka. Ba wanda zai ƙara kunna waya ya ɗauki murya ko hoton maƙwabci a cikin gidan nan, ko da Rukayya ce ta dawo da digiri. Kuma shinkafar da za a ci a nan, ta yau da kullum da ta biki, daga tukunyar Talatu za ta fito. Ranar da ta ƙi karɓar tamu, tuwon masara za a ci.

Wassalam.

Mahaifiyar Rukayya,
daga bakin kanal, ƙasar Kura.