Ranar da Aka Zo Ƙirga Ma'aikatan Asibitinmu

Zuwa ga yayata Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya maigida da yara? Yaya zaman Legas?

Yaya, tsoro ne ya sa na rubuto miki. A ƙaramin asibitin ƙauyenmu, Sista Laraba ce kaɗai ke aiki. Kwanakin baya jami'an gwamnati suka zo ƙirga ma'aikata. Sai ga mutum huɗu daga Kafanchan cikin fararen kaya, ba mu taɓa ganinsu ba, wai a nan suke aiki. Mu 'yan zumuntar mata muka dafa wa jami'an abinci. Da suka tambaya ko muna da damuwa, ni da bakina na ce, "Sai godiya." Kin san ba ma tona asirin gida gaban baƙo.

Yanzu wai ma'aikata sun yi mana yawa, an mayar da Sista Laraba garin Zonkwa. Yau na wuce, ƙofar a kulle.

'Yarki Rifkatu da na haifa cikinta wata takwas, kin kuma tuna jinin da ta zubar a haihuwar fari.

Ki gai da kowa. Ku yi mana addu'a, kada godiyata ta kashe mini 'ya.

Ƙanwarki,
Hannatu