Na Taya Jirgin Marigayi Abokina, Yanzu Ina Tsoron Fiffikensa

Malam Jibo, don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Na san filinka na rigingimun gida ne da na maƙwabta, ban taɓa ganin an kawo maka maganar jirgin sama ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, za ka ga abin da ya dame ni ya wuce inji. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni tsohon matuƙin jirgi ne, a Gusau nake zaune. Kada ka ɗauka irin manyan nan masu kai alhazai. Ƙananan jiragen feshi na tuƙa, masu bin tsuntsayen jan-baki idan sun sauko wa gero da shinkafa. Kujera ɗaya ce a ciki, daga ni sai tankin magani. Da na yi ritaya na zaci zan huta. Ina! Ko shirwa na ga tana shawagi sai in ji haushinta. Shi ne na yanke shawarar in nemi ɗan ƙaramin jirgi na hannu, mai kujera biyu, irin wanda mutum ke haɗawa da kansa a gida, in riƙa ɗan zagayawa da safe don nishaɗi. Kujera ta biyun ta maiɗakina Huseina ce. Shekara talatin da wani abu da aurenmu ba mu taɓa tashi sama tare ba. Mutuniyar Karakkai ce, kuma burinta ta ga garinsu da dutsen Kwatarkwashi daga sama. Tun ranar da na gaya mata ƙaramin jirgi yana da iyakar nauyin da yake ɗauka, matar nan ta rage tuwo, kullum da safe tana zagaya unguwa a ƙafa. Ina yi mata dariya, amma wallahi abin yana taɓa ni.

To ga inda matsalar take. Ina da aboki, Nathaniel, mutumin kudancin Kaduna ne amma a Tsafe ya yi rayuwarsa, yana gyaran taraktoci da injinan niƙa. A bakin filin jirgi muka haɗu, ya zo kallo kawai, muka shaƙu har 'ya'yansa suna ce mini Baba Kyaftin. Mutumin nan da girmansa ya je ya koyi tuƙi ya samo lasisi, ya yi odar zanen jirgi da katako daga waje, ya kafa rumfar kwano a bayan gidansa, ya shekara da shekaru yana haɗa jirgi. Mutanen gari har sun fara cewa ya taɓu. Irin jirgin nan kujera biyu ce gaba da baya, ƙashinsa katako ne da gam, sai a lulluɓe da yadi a ɗinke a shafa fenti. Matarsa Dibora, Maman Alheri, ita ta ɗinke yadin fukafukan nan da hannunta, da wata doguwar allura, shi yana miƙo mata ta ɗaya gefen. Da aka gama muka cire fukafukan muka jawo shi da akori-kura zuwa Gusau, kuma ni na fara tashi da shi. Malam, ban taɓa tuƙa abu mai jin magana kamarsa ba. A lokacin Huseina cewa ta yi ba da ita ba, tana da yara ƙanana.

Ciwo ya ɗauke Nathaniel, damina huɗu ke nan. Jirgin yana nan a rumfa an rufe shi da tamfol.

Kafin wannan magana ta taso na riga na sami wani jirgin a Kaduna, na wani Usman da ban san shi ba sai ta waya. Na alminiyam ne, kujerunsa gefe da gefe, ya ɗan sha jiki, fentinsa wani kore mai muni. Amma yana tashi har yanzu, kuma mai shi ya ce in kawo duk injiniyan da nake so ya kwance shi ya duba. Ina cikin wannan tunani aka gayyace mu Tsafe, taron tunawa da marigayi. Bayan an ci abinci Maman Alheri ta buɗe rumfar, ga dattawan cocinsu, ga maƙwabta. Ta ɗaga gefen tamfol, na ga fentin nan nasa fari da shuɗi. Sai ta ce wani ya zo daga Abuja yana son injin kawai, sauran a yi yadda aka ga dama da shi. Raina ya ɓaci. A farfasa aikin Nathaniel kamar tsohon benci? Ban san lokacin da na taya ba. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce ta sallama, hawaye na zuba. Babban dattijon ya kama hannuna, maƙwabcinsu Malam Ɗahiru ya yi addu'a, kowa ya ce Allah ya sa albarka. Ni da na yi rayuwata ba na hawa jirgi sai na zagaya shi na taɓa ko'ina, na yi ciniki ko tamfol ba a gama yayewa ba!

Makon jiya na koma don in auna fukafukan saboda motar da za ta ɗauko. Ni kaɗai na shiga rumfar. Abu na farko, zanzaro ya yi gida ya toshe ɗan bututun da ke auna gudun jirgi. Wannan ƙarami ne, ana cirewa. Sai na ga hanyar gara ta hau ginshiƙin rumfar, daidai inda aka jingina fiffiken dama. Kwanon sama ya huje a wurin, ƙasa ta yi dausayi, ga wani ɗan gari-gari a ƙarƙashi wanda ban san daga ina ya zubo ba. Na ƙwanƙwasa fiffiken da yatsa tun daga baki har gindi, wuri ɗaya ya yi mini wani sauti da bai kwanta mini ba. Wataƙila ba komai, wataƙila kuma ciki ya zama dusa. Ba yadda za a sani sai an yanka yadin an leƙa. Yadin da ta ɗinka da mijinta.

Na fito ta kawo mini kunun gyaɗa tana murmushi, tana ba ni labarin ta kira 'ya'yan a Jos ta shaida musu jirgin babansu yana hannun Baba Kyaftin, ta kuma kori mutumin Abuja. Na sha kunun na ce komai lafiya. Malam, ni da wane baki? Ka san a wurinmu idan an sallama an gama, wanda ya dawo da magana baya ya zubar da girmansa. Sannan in zo da baƙo da reza ya tsaga aikin mamaci a gaban matarsa, kamar ina cewa ban yarda da hannunsa ba? Kunya ba za ta bar ni ba. Har na yi tunanin in ɗauko shi shiru in kawo Gusau a duba a ɓoye, in ya lalace in ajiye shi in sayi na Kaduna. To in ta ce tana son ta ga ya tashi fa? Wata zuciyar kuma tana ce mini tsoron tsufa ne kawai, Nathaniel ba ya aikin banza, in wanke shi in zuba mai in gwada. Sai in tuna wadda za ta zauna a bayana.

Huseina ba ta san komai ba, tana can tana zagaya unguwa. Ina son jirgin nan, ina son mutuncina a Tsafe, ba na son in karya zuciyar matar abokina. Wanne zan ɗauka, kuma ta ina zan fara?

Tsohon Matuƙi, Gusau.

AMSA

Kyaftin, sannu da ƙoƙari. Ka ce ka canza sunaye. To mutum nawa ne a Tsafe ke da jirgin sama a bayan gida? Ka ɓoye kanka kamar raƙumi a gonar gyaɗa. Saboda haka kada ka yi jinkiri: ka je wurin Maman Alheri kafin wani ya karanta mata wannan shafi. Gara ta ji daga bakinka.

Ni ban san jirgi ba, sai na kai wasiƙarka wurin wani injiniyan jirage da na yarda da shi. Bai yi wata-wata ba. Jirgin katako da ya yi damina huɗu a rumfa mai yoyo ba a tashi da shi sai an buɗe an ga katakon da gam ɗin. Injin da ya daɗe a zaune shi ma yakan yi tsatsa ta ciki, robobin mai sukan bushe. Ya kuma ce yanka yadi don dubawa aikin yau da kullum ne, ana yankawa ana maye gurbi. Wannan tunani na ka zuba mai ka gwada, ka cire shi daga ranka gaba ɗaya.

Kunyar da kake ji ban raina ta ba. Ita ta sa ka taya, don kada a wulaƙanta aikin abokinka, kuma hali ne mai kyau. Amma ka duba da kyau, wa kake zargi? Nathaniel ya yi aikinsa, kai da kanka ka tashi da shi ka shaida. Abin da ake bincike yanzu ɓarnar ruwa ce da ta gara bayan ba ya nan. Batun sallamawa kuma, ka tambayi kowane malami: aibin da bai bayyana ba lokacin ciniki yana ba da damar a sake zama. Dattawan da suka sa albarka ma ba su shaidi cinikin don a rasa rai ba. Ka nemi ɗaya daga cikinsu da Malam Ɗahiru su zauna, yadda aka ƙulla a gabansu a gyara a gabansu.

Dabarar ɗauko shi a ɓoye ban goyi bayanta ba. Za ka fara da ƙarya ɗaya, kullum ta tambaya ka ƙara wata. Ka fara gaya wa Hajiya Huseina yau, tunda ita ce mai kujerar, sannan ku tafi tare; mace ta fi sanin yadda za ta zauna da 'yar'uwarta. Ka faɗa wa Maman Alheri abin da ka gani dalla-dalla, ka kama hanya ka nuna mata hanyar garar da idonta. Ka roƙe ta ta tsaya a wurin ranar da injiniya zai zo, in tana so ita ta fara sa reza. Wadda ta ɗinka ta san inda za a farke, kuma in za a mayar ina ganin ba za ta ƙi ba.

Injiniyan ya zama mai lasisi, ba kai ba, domin idonka da ƙauna a ciki. Shi ɗin dai ka kai shi ya duba na Kaduna, kada munin fenti ya hana ka, kada kuma sauƙin halin mai shi ya ruɗe ka. In ɓarnar na Tsafe kaɗan ce, a gyara a hankali, ka sami jirgin da ranka ke so. In ta yi yawa, ku zauna da ita da 'ya'yanta ku yanke ko za a sake fiffike ko za a adana shi da mutunci, kai kuma ka ɗauki na alminiyam ba tare da jin ka ci amana ba. Ko wanne ne, ka daidaita takardunsa da hukuma, ka tambayi izinin tashi tunda ka san halin da sararin Zamfara yake ciki, kada ka yi ƙasa-ƙasa a kan daji. Ka je likita ya duba ka, ka ɗan sake wasa hannu da malamin tuƙi, ka tashi kai kaɗai sau da yawa kafin ka ɗauki kowa.

Kana tsoron ka sa matar nan kuka na yini ɗaya. Ka auna shi da wanda za ta yi in aka zo aka ce mata jirgin mijinta, wanda ta sallama da bakinta, ya faɗo da kai da Huseina. Ta riga ta binne mutum ɗaya, kada ka ɗora mata biyu don gudun kunya. Ina kyautata zaton za ta gode maka, ko da ba a ranar ba.

Allah ya sa a buɗe a tarar da katakon lafiya, ya bar zumuncin gidajenku, ya kai ka da Hajiya sama ya sauko da ku lafiya. Ka gaishe mini da su duka biyun.

Malam Jibo