Saiwar Jema

Cholire, Litinin

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Rahma da yara. Ya ƙafar taki? Ni ƙalau nake, rezo ne babu, waya ba ta shiga, shi ya sa na koma takarda. Rahma ta karanta miki.

Inna, aiki ya yi kyau. Filin da masu haƙar zinariya suka bari, wanda ko ƙaya ta ƙi fitowa a kai, yanzu ya yi kore shar da jema. Madam Martine, shugabar aikinmu, ta ce saiwar ce ke zuƙe gubar wankin zinariya ta riƙe, ƙasa ta warke a hankali. Mutanen gari sai dariya, wai jikan fatake ya ɓige da noman ciyawa.

Na ji saƙonki na in aiko da saiwar jema ki jefa a randa don ƙanshi. Ki yi haƙuri, ta nan cike take da guba, ba zan aiko ba.

Ɗanki,
Hashim

Cholire, Alhamis

Inna,

Ina gaisuwa, amma hankalina a tashe yake. Yanzu Zacharie direbanmu, da ya kai miki takardata, ya gaya mini kin ce jema jema ce, rowa kawai nake yi. Tausayi ya kama shi, ya haƙo dami a ɓoye ya kai miki gida Roumdé Adjia, ya ajiye ya juyo. Don Allah kada kowa ya sha ruwan randar nan, a fasa ta, a kai yara asibiti. Na ba ɗan moto, mai babur, takardar nan ya kawo miki da gaggawa.

Hashim

Cholire, Asabar

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa da ban-girma. Ya gida, ya fushi?

Amsar Rahma ta iso, na yi dariya har da hawaye. Ashe kin rantse abin da ɗanki ya hana ki ba za ki karɓa a hannun direba ba, kika sa aka rataye damin a zaure, in na zo in gani in ji kunya. A bar shi a rataye, yara kada su taɓa, ni zan ɗauke.

Juma'a zan biyo ta Lagdo in haƙo miki mai tsabta a bakin ruwa, in jefa a randar da hannuna. Tun ina yaro nake gudun fushinki, Inna, ban taɓa gode wa Allah a kansa ba sai yau.

Ɗanki marowaci,
Hashim