Rigar Ƙanƙara ta Yafet

Maman Gilbert,

Na tafi gona, ba ki dawo daga zumuntar mata ba.

Ɗanki ya kira daga Kanada. Wai jikanmu Yafet zai fara koyon zamiya a kan ƙanƙara. A zamaninmu wanda ya zame kunya yake ji, yanzu har malami ake ɗaukar masa.

Na shiga gwanjo na zaɓo masa riga mai kauri. Ta yi masa yawa, na sani. Yaro girma yake yi.

Na gwada ta: na naɗe daskararren zoɓonki a ciki, sanyi bai taɓa hannuna ba. Sai na manta, ya narke. Ki yi haƙuri.

Ki kai wa Hellen rigar yau, ita za ta tafi masa da ita Kanada, gobe jirginta zai tashi. Jan da ke ƙirjin rigar, ki ce mata ado ne.

Kumai