Igiyar Cajin Habibu

Yekuwa, daren Laraba, 13 ga Nuwamba

Yau jikana Habibu ya zo daga Yamai, ya cinye tuwona, sannan ya ɓata mini rai. Wai ya zaɓi mastar da zai yi, digirinsa na biyu: lissafin kuɗi mai zurfi, inda ordinatar, wato kwamfuta, ke hango tashin farashi da faɗuwarsa. Akwai bincike a ciki, wata uku yana bin kuɗin wake a kasuwa. Na rangaɗa guɗa, har na fara tunanin share masa ɗaki.

Sai ya ce a Bande zai zauna, wajen kakarsa ta uwa. Gidan Delu!

Na ce, "Angona, waken Yekuwa ba ya tsada ne?"

Ya ce, "Tsohuwa, can akwai rezon waya. Nan sai na hau rumbunki waya ke shiga."

Na ce ya hau mana, ai ba yau ya fara ba. Ya yi ta dariya, ni ban yi ba. Ni na goye shi da ya yi ƙyanda, amma Delu ce za ta zauna bakin ƙofa tana "jikana mai mastar".

Allah ya ba shi sa'a, da zuciya ɗaya na faɗa. Amma da ya fita alwala na zare igiyar cajin ordinatar daga jakarsa, na tura ta tukunyar daddawa. Ya hau kabu-kabu bai lura ba.

Gobe zai dawo. Har na jiƙa waken ƙosai.