Ƙanena Ya Sayar da Janareton Inna Ya Ɗora Mata Sola

Hajiya Mastura, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in gaya wa ƙanena maganar da ba za ta janyu ba.

Ni 'yar zongon Mango ce, a arewacin Togo. Umara ce ta kawo ni Jidda, na zauna ina aikatau a unguwar Madain Fahd. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, in na fita shi ke nan, babu dawowa, shi ya sa na daɗe rabona da Inna. Ƙasarmu ƙarama ce, yawancin wutarta daga madatsar ruwan Gana ake sayowa. Shekarar da ruwan ya ja baya aka shiga ɗauke wuta, tsohuwa tana fama da zafi. Na ƙuntata wa kaina na sayi janareto a unguwar Bagdadiyya nan Jidda, na bi ta hannun alhazai har ya isa gida.

Hajiya, in aka tayar da injin nan har bakin masallaci ana ji. Kowa ya san Inna tana da 'ya a Saudiyya. Ni ma in na kira waya ƙararsa nake fara ji, sai hankalina ya kwanta.

Watan jiya na kira na ji tsit, har numfashin Inna ina ji. Ashe ƙanena Abdulghani, yaron da na goya a bayana, sayar da shi ya yi ya ɗora farantan sola a kan kwano. Wai hayaƙi na tayar mata da tari, wai neman fetur wahala, wai duniya ma can ta nufa. Shi ya ga duniyar ko ni? Ina zaune a ƙasar mai, a ce gidanmu da rana aka dogara. Abin da ya fi ƙona min rai, matan zongo sun ji shiru sun fara cewa na manta da uwata, wasu ma wai kama ni aka yi. Gumina ne fa, ko tambayata bai yi ba. So nake in aika da wani injin, in ce ya cire hannunsa daga gidan.

'Yar Zongo, Jidda

'Yar'uwa, fushinki yana kan hanya. Kayan naki ne, Abdulghani ya yi kuskure da bai tuntuɓe ki ba. Ki gaya masa haka ke da shi, ba ta bakin dangi ba.

Amma shi ke yawo da jarka neman mai, shi ke jin tarin Inna. In kika janye shi daga gidan, wa zai zauna da ita, tunda ke ba ki da halin zuwa? Sola ba talauci ba ce, sai dai ba ta jan duk abin da inji ke ja. Ki tambaye shi ko fanka na wadatar da ita. In ba ta yi, maimakon sabon inji ki ƙara musu batir. Matan zongo kuwa, a sa ƙwan fitila a ƙofar gida. Ranar da aka ɗauke wuta da kansu za su zo zama.

Abu ɗaya na nema a wasiƙarki ban gani ba: me Inna ta ce? Kin ce har numfashinta kika ji. Kin daɗe kina kira kina sauraron inji. Ki sake kira, wannan karon ki saurari mahaifiyarki.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya haɗa fuskokinku da alheri.

Hajiya Mastura